Zaɓen Shinge da Kafa Shi a Gida da Gona: Darasi Daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar ruwan watan Agusta ya kankama a Kano, ba a rasa jin labarin katangar da ta faɗi. Wani lokaci asarar takan tsaya a kan bulo da siminti, wani lokaci kuwa takan haɗa da rai, domin gindin katanga shi ne wurin wasan yara da wurin shan inuwar dattawa. A karkara kuma, idan kaka ta yi aka saki dabbobi, dare ɗaya ya isa awaki su gama da rogo ko lambun da aka yi watanni ana wahala a kansa. Abin da kan biyo baya sananne ne, wato ƙara a gaban mai unguwa, da biyan diyya, da gaba tsakanin maƙwabta.

Wannan maƙala za ta duba yadda ake zaɓen shinge da yadda ake kafa shi, a gida da gona, bisa yanayin ƙasar Kano da makamantanta. Abin da za a kafa hujja a kansa shi ne, babu wani shinge da ya fi kowane kyau a ko'ina, kuma mafi yawan shingaye daga gindi suke mutuwa, wato daidai inda suka haɗu da ƙasa. Za a fara da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, saboda a nan ne kayan shinge na gargajiya da na zamani suka fara haɗuwa.

Abin da Jirgi Ya Tarar da Abin da Ya Kawo

Layin dogo ya iso Kano daga Baro a shekarar 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. An gina tashar a wajen ganuwa ta gabas, kusa da Fagge, tsohon zangon fatake da raƙuman Azbin. Ba da jimawa ba, wajen 1913, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi daga Kudu.

Kafin wannan lokaci Bahaushe yana da hanyoyinsa na kewaye abin da ya mallaka. Akwai katangar tubali da ake yi wa yaɓe da makuba, akwai darni na karan dawa, akwai zanar gamba, akwai shingen ƙaya, akwai kuma shingen itatuwa masu rai kamar aguwa da dashi. Uwa-uba ga ganuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. Dukkan waɗannan daga ƙasar da suke tsaye a kanta aka samo kayansu, kuma masu yin su sun san lagonsu.

Jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu zuwa Ikko, shi ne ya riƙa dawowa da siminti da kwano da ƙusa da waya. Waɗannan kaya an ƙirƙiro su ne domin bukatun wasu ƙasashe. Alal misali, waya mai ƙaya irin wadda aka sani yau wani manomi ne mai suna Joseph Glidden ya yi mata rajista a Amurka a 1874, domin tsare shanu a filayen da babu itace. Ragar waya kuwa a birnin Norwich na Ingila aka fara saƙa ta da inji a 1844. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi da tunanin akuyar Kano, ko garar Kano, ko hadarin gabas. Saboda haka duk wanda ya zagaya daga tasha zuwa Fagge da Sabon Gari da idon nazari zai ga sakamakon gwajin shekara fiye da ɗari: katangar da ta tsaya da wadda ta karkace, wayar da ta jure da wadda tsatsa ta cinye.

Tambayoyi Huɗu Kafin a Je Kasuwa

Kuskure na farko da akan yi shi ne zuwa Kasuwar Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako kafin a yi tunani. Ya kamata mai gida ko manomi ya fara amsa tambayoyi huɗu.

Ta farko, me ake son hanawa? Saniya tana ture shinge da ƙirji. Tunkiya tana kutsawa ta ƙasa. Akuya kuwa tana kutsawa, tana hawa, tana tsallakewa. Idon mai wucewa zana ma ta ishe shi, amma ɓarawo sai katanga da ƙofa mai ƙarfi.

Ta biyu, wace irin ƙasa ce? Jigawa tana tsotse ruwa da sauri amma ba ta riƙe dirka da kyau. Laka ta fadama tana kumbura da damina, ta tsage da rani. Marmara tana da wuyar haƙa amma ita ce ta fi riƙo. Mafi haɗari ita ce ƙasar ciko, wato tsohon kududdufi ko kwari da aka cike da shara, irin waɗanda suke da yawa a cikin Kano da kewayenta.

Ta uku, ina ruwa yake bi idan an yi ruwan sama? Wannan ba a gane shi da rani, sai an tsaya a wurin ana cikin ruwa, ko an tambayi waɗanda suka daɗe a unguwar.

Ta huɗu, shekara nawa ake son shingen ya yi? Wanda ya karɓi aron gona na shekara biyu bukatarsa daban take da ta wanda ya dasa mangwaro a gonar gado.

Abokan Gaba Huɗu

Ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi fama da abubuwa huɗu da ke lalata duk abin da aka kafa a ƙasa, kuma su ne dai abokan gaban shinge.

Na farko ita ce gara. Gara tana zaune a ƙarƙashin ƙasa inda akwai danshi, ba ta jure iska da haske, shi ya sa take gina rufaffiyar hanya ta laka idan za ta hau itace. Takan ci cikin dirka ta bar bayanta lafiya lau, har sai ranar da iska ta kada ita. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a sassa da yawa na layin dogon Nijeriya aka girka ƙarfe a gicciye ƙarƙashin layi maimakon katako. Itatuwan da suka fi jure gara su ne ƙirya da azarar giginya, sai dai sun yi ƙaranci, kuma sare su ɓarna ce. Turare da darbejiya sun fi samuwa amma suna bukatar magani. A ɓare ɓawon, a bar itacen ya bushe sosai, a babbaka gindin kaɗan, sannan a shafe shi da kwalta tun daga ƙarshe har zuwa kamar santimita 30 sama da inda ƙasa za ta tsaya. Magungunan da aka saba amfani da su a da, irin su Aldrin da Dieldrin, an haramta su a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, saboda suna daɗewa a ƙasa da jikin ɗan Adam. Haka kuma bai kamata a tsiyaya baƙin mai a ramin dirka kusa da rijiya ba.

Na biyu shi ne ruwa. Duk wanda ya lura da layin dogo zai ga an ɗaga shi a kan tulin tsakuwa, an kuma yi masa kwalbati a duk inda ya gitta hanyar ruwa. Manufar ita ce kada ruwa ya kwanta a gindinsa. Ruwa yana cutar katanga ta hanya uku. Yana zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi. Yana hawa cikin bulo ko tubali kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya ɗauko gishirin ƙasa, idan ya bushe gishirin ya daskare ya marmashe ginin, abin da ya sa ake ganin gindin katangu a tsofaffin layukan Fagge da Sabon Gari ya yi fari yana zuba alhali samansu lafiya. Na uku kuma yana tura katanga da nauyinsa. Idan ruwa ya taru a bayan katanga har zurfin rabin mita, yana tura kowace mita ta tsawonta da ƙarfin kilo 125. Idan zurfin ya kai mita 1, ƙarfin ya zama kilo 500, wato ya ninka sau huɗu. Katanga mai tsawon mita 10 ke nan tana fama da turin tan 5. Ambaliyar da ta shiga Kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta tuna wa jama'a cewa ruwa ba ya mance hanyarsa.

Na uku ita ce iska. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da guguwa mai ƙarfi, don haka katangar da ta miƙe daga kudu zuwa arewa ita ce ke karɓar bugun a fuska. Iskar da ke gudun kilomita 90 a awa tana danna kowane murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 40. Katanga mai tsayin mita 2 da tsawon mita 10 za ta ɗauki kusan kilo 800. Abin lura a nan shi ne, idan aka ninka tsayin katanga sau biyu ba tare da ƙara kaurinta ba, ƙarfin da ke neman kifar da ita yana ninkawa sau huɗu, alhali nauyin da ke riƙe ta sau biyu kawai ya ƙaru. Magabata sun gane haka ba tare da alƙalami ba, shi ya sa ganuwa da katangar tubali suke da faɗi a gindi su tsuke a sama.

Na huɗu shi ne zafi da tsatsa. A tsohon layin dogo akan bar ɗan giɓi a mahaɗar ƙarafa, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi. Tsakanin tsakar ranar Afrilu da asubahin hunturu ana iya samun bambancin digiri 30, kuma wannan ya isa waya mai tsawon mita 100 ta ragu da kusan santimita 3 da rabi. Wayar da aka ɗaure tamau da bazara tana iya janyo dirkar kusurwa da hunturu. Game da tsatsa kuwa, busasshiyar iskar Kano alheri ce, domin waya ta fi daɗewa a nan bisa ga Ikko. Amma inda ta taɓa ƙasa mai danshi, ko ruwan kwata, ko fitsarin dabbobi, nan da nan take ruɓewa. Kariyarta ita ce rufin tutiya da ake yi mata a masana'anta, wanda yake lalacewa a madadin ƙarfen. Wutar daji tana ƙone wannan rufi, shi ya sa wayar da gobara ta lasa takan yi ja da damina ɗaya.

Katangar Gida

A cikin gari inda gidaje suka matsu, katangar bulo ita ce ta fi dacewa, amma sai an kiyaye ƙa'idoji.

Da farko harsashi. A haƙa har sai an wuce baƙar ƙasar sama da duk wani ciko, an kai ga ƙasa mai tauri. A wuri mai kyau zurfin santimita 60 zuwa 90 yakan isa, faɗin kuma ya ninka kaurin bulo sau uku. A zuba kankare na awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Idan filin tsohon kududdufi ne ko laka mai tsagewa, wannan bai isa ba, sai an nemi injiniya ya tsara harsashi mai rodi.

Na biyu bulo. A gwada shi kafin a saya: wanda gefensa ke marmashewa da ɗan yatsa ba na katanga ba ne. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Saboda haka dole ne a riƙa ba bulo da gini ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, musamman da hunturu da bazara. Bulo mai inci 9 ya fi dacewa da katangar waje.

Na uku ginshiƙai. A zuba ginshiƙin kankare mai rodi a kowace kusurwa, da gefen ƙofa biyu, da kuma bayan kowace mita 3. Rodin ya taso tun daga cikin harsashi, ba a dasa shi daga baya ba. Doguwar katanga a raba ta da ɗan giɓi daga sama har ƙasa bayan kowace mita 9 ko ƙasa da haka, domin ta sami wurin motsi, kamar dai giɓin layin dogo.

Na huɗu ruwa. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kan sahun bulon da ya ɗara ƙasa da santimita 15 domin datse hawan danshi. A bar rariya isasshiya a mafi gangaren wuri, a sa mata raga, a kuma riƙa share ta kafin damina. Kada a jingina yashi ko juji a jikin katanga. Darbejiya da mangwaro a nisanta su daga harsashi da 'yan mitoci saboda saiwa.

Tsayin mita 2 ya wadatar ga yawancin gidaje. Wanda yake son ƙari, ya fi masa ya ƙarasa da bulo mai huji ko ƙarfe, domin iska ta wuce. Rufaffiyar katanga mai tsayi tana toshe iska da bazara, kuma tana ɓoye ɓarawon da ya riga ya dira. Abin da ya fi kawo rushewa shi ne ɗora sabbin sahu a kan tsohuwar katangar da ba a yi harsashinta domin wannan nauyi ba.

Katangar ƙasa ba abin rainawa ba ce. Tana da araha, tana da sanyi, kuma tana daɗewa muddin an ɗora ta a kan dutse ko sahu biyu na bulo, an kare kanta daga ruwa, ana kuma sabunta yaɓe. Sai dai shafa mata siminti kai tsaye yakan zama cuta, saboda siminti da laka ba sa motsi tare. Filastar takan tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shingen Gona

A yankin da ke kewaye da Kano al'ada ta daɗe da warware rabin matsalar, domin da damina akan ɗaure dabbobi a turke a kawo musu ciyawa, sai bayan girbi a sake su. Saboda haka gonar gero da dawa ba lallai ta bukaci shinge ba. Masu bukata su ne abubuwan da ke tsaye da rani: rogo, da lambu, da garka, da sababbin dashen itatuwa, da kuma gonakin da ke bakin burtali.

Shinge iri uku ne a gona. Na farko shi ne matacce, wato darni da zana da ƙaya. Ba ya cin kuɗi da yawa, amma shekara ɗaya ko biyu yake yi, yana kama wuta, kuma shingen ƙaya yana cinye itatuwan daji domin kullum sai an saro sabo. Darni yana da wani aibu da ba kowa ya sani ba. Tsutsar da ke huda karan dawa takan kwanta a cikin busasshen kara duk tsawon rani, da damina ta faɗi ta fito a matsayin malam-buɗe-littafin dare ta yi ƙwai a sabuwar shuka. Masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun nuna cewa babbaka karan sama-sama nan da nan bayan girbi yana kashe mafi yawan tsutsar, kuma karan bai fasa amfani ba.

Na biyu shi ne na waya. Ƙarfinsa duka yana kusurwa, domin nan ne jan wayar yake ƙarewa. A zaɓi dirkoki mafi kauri a kafa a kusurwoyi da gefen ƙofa, a yi musu tokara ta ɓangaren da waya ke ja. Sai a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, a haƙa ramuka da dagi bayan kowace mita 3. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin uku na dirka ya shiga ƙasa, wato dirka mai mita 2 a binne kusan santimita 65. A zuba tsakuwa a ƙasan ramin, a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. Idan an sa kankare, a tudunta kansa yadda ruwa zai gangare, kada ya zama ƙoƙo. A ɗaura waya ta ɓangaren da dabba za ta turo. Sahu huɗu ko biyar na waya mai ƙaya zuwa tsayin mita 1.2 sun isa shanu. Ga awaki kuwa sai raga, ko a matse sahun ƙasa kada tazara ta wuce santimita 10 zuwa 15. A share ciyawa gefe da gefe kafin lokacin ƙuna. Ƙarafan layin dogo da akan ga wasu sun kafa shinge da su dukiyar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ce, ciro su ko sayen na sata laifi ne, kuma yana iya jawo hatsarin da zai ci rayuka.

Na uku shi ne rayayye, kuma shi kaɗai ne shingen da yake ƙara ƙarfi da tsufa, domin gindinsa saiwa ce. Aguwa da dashi da bini-da-zugu da ararrabi reshensu ake yanka a kafa, kuma a ƙarshen rani ake yin haka, kafin ruwa ya sauka, domin a jiƙaƙƙiyar ƙasa reshen ruɓewa yake yi. Aguwa ta fi dacewa da jigawa da wuraren ƙarancin ruwa. Magarya da bagaruwa da dakwara da lalle kuwa iri ake renonsu a leda, a dasa a watan Yuli idan damina ta zauna, sahu biyu a karkace, rabin mita tsakanin tsiro da tsiro. Irin bagaruwa yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin shuka. Idan tsiron ya kai gwiwa a datse kansa domin ya yi rassa tun daga ƙasa, kasancewar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cibiyar binciken noma da itatuwa ta duniya, ICRAF, ta gwada waɗannan itatuwa da manoma a yankin Segu na ƙasar Mali, kuma ribarsu ba tsaro kaɗai ba ce: magarya abin sha ce, 'ya'yan bagaruwa majema na saye, ganyen lalle kuma yana da kasuwa.

Rayayyen shinge yana rage iska ba tare da ya yi karo da ita ba, kuma kariyarsa takan kai nisan da ya ninka tsayinsa sau goma. Wannan shi ne dalilin jeren darbejiyar da aka fara dasawa a kwarin Majiya na Jihar Tawa, Nijar, a 1975. Amma yana da nasa sharuɗɗa. Yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ya tsare dabba. Saiwarsa da inuwarsa suna cin ɗan gefen gona. Yana bukatar aski kowace shekara da cike giɓi. 'Ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, ruwan aguwa kuma a kiyaye shi daga ido.

Mafi kyawun dabara ita ce haɗawa. A kafa waya ko darni a waje, a dasa rayayyen shinge a ciki. Kafin gara ta gama da dirkoki, itatuwan sun karɓi aiki.

Lissafi Kafin Aiki

Siffar fili tana rage kuɗi ko ta ƙara shi. Hekta 1 mai murabba'i, mita 100 kowane gefe, kewayenta mita 400 ne. Idan hektar ta zama mita 50 da 200, kewayen ya zama 500. Idan ta zama 25 da 400, ya zama 850. A kan mita 400 ana bukatar dirkoki kusan 134, da waya mita 2,000 idan sahu biyar ne. Bugu da ƙari, manoma huɗu masu hekta ɗai-ɗai a haɗe, idan kowa ya kewaye tasa za su ci mita 1,600, amma idan suka yi shinge ɗaya na tarayya mita 800 ta ishe su.

A gida kuma, fuloti mai ƙafa 50 da 100 kewayensa kusan mita 91 ne. Idan an cire mita 3 na ƙofa, aka yi tsayin mita 2, za a sami murabba'in mita 176. Da yake bulo 10 ke rufe murabba'in mita 1, ana bukatar kusan 1,760, ban da na harsashi da wanda zai fashe. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya gina gajeriyar katanga a kan harsashi mai kyau, ya ƙara daga baya, da ya gina doguwa a kan harsashin jeka-na-yi-ka.

Haƙƙin Maƙwabci da Doka

Kafin a haƙa rami ɗaya a tabbatar da iyaka. A birni a nemo duwatsun safiyo, a kuma sami izinin Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano. A karkara a kira maƙwabta da mai unguwa su shaida. Kada shinge ya ci hanya, ko magudanar ruwa, ko filin da ke gefen layin dogo, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Burtali da mashaya haƙƙin makiyaya ne, kuma toshe su na daga cikin manyan musabbaban rikicin manoma da makiyaya. Haka nan wanda ya toshe hanyar ruwa da katangarsa bai kawar da ruwan ba, gidan maƙwabci ya tura shi.

Shingen lantarki na gaskiya yana aiki ne da na'ura ta musamman mai sakin wuta ɗan ƙiftawar ido, ta girgiza ba ta kashe ba. Haɗa waya kai tsaye da wutar gida tarkon kisa ne, kuma yaro ko maƙwabci ya fi ɓarawo kusa da faɗawa cikinsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ingancin shinge bai dogara ga tsadar kayansa ba, ya dogara ne ga dacewarsu da wurin, da kuma aikin da aka yi a sashen da ido ba ya gani. Layin da ya shigo Kano a 1911 ya daɗe ne saboda an ɗaga shi daga ruwa, an kare shi daga gara, an bar masa wurin miƙewa. Ganuwa ta yi ɗaruruwan shekaru saboda faɗin gindinta da gyaran da ake yi mata. Saboda haka ya kamata kowane mai gida da manomi ya ware rana ɗaya a watan Afrilu, kafin hadarin farko, ya zagaya shingensa yana duban ƙasa: ya girgiza dirkoki, ya karya hanyar gara, ya share rariya, ya cike giɓi, ya kuma lura da duk katangar da ta fara tsagewa ko karkata. Wadda ta karkata a hana yara zama a gindinta, a rushe ta da hannu tun kafin ruwa ya rushe ta.